Tambaya da Amsa: Zaɓe ya ƙarato, wace jam'iyya ce ta damu da masu hawa keke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Da keke nake zuwa aiki, ɗana mai shekara 12 ma da shi yake zuwa makaranta, kuma in ya fita hankalina ba ya kwanciya sai ya dawo. A zaɓen da ya wuce an yi mana alƙawarin hanyar keke, abin da muka gani a ƙasa farin layi ne aka ja a gefen titi. Ga wani zaɓen ya zo. Wace jam'iyya ce ta fi kula da mu, kuma yaya zan gane mai gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya tsare maka yaron.

Sunan jam'iyya ba zai kai ka ko'ina ba. Gaskiya ne a Turai jam'iyyun masu rajin kare muhalli da na gurguzu sun fi sa keke a kundin manufofinsu, amma dubi Ingila. Boris Johnson ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne, shi ya gina hanyoyin keke masu shinge a Landan yana magajin gari, kuma da ya zama firaminista ya sanar da fam biliyan 2 domin keke da tafiya a ƙasa a 2020. A 2023 jam'iyyar tasa, ƙarƙashin Rishi Sunak, ta rage wannan kaso ta koma zawarcin ƙuri'un direbobi. Jam'iyya ɗaya, shekara uku kacal. A Berlin ta Jamus, jam'iyyar CDU ta masu ra'ayin riƙau na karɓar mulkin birnin a 2023 aka dakatar da ayyukan hanyoyin keke da aka riga aka tsara. A Toronto ta Kanada, Rob Ford ya ci zaɓen magajin gari na 2010 da alƙawarin kawo ƙarshen abin da ya kira yaƙi da mota, aka kuma goge layin keke na titin Jarvis a 2012.

Dalilin wannan kwan-gaba-kwan-baya lissafin ƙuri'a ne. Ranar da aka cire wuraren ajiye mota talatin, mutum talatin za su tashi da fushi, kuma sun san ofishin kansila. Masu cin moriyar kuwa sai a hankali suke fitowa, da yawansu yara ne irin naka da ba su isa zaɓe ba. Shi ya sa a Kensington da ke Landan aka tuge hanyar keke a ƙarshen 2020 bayan mako bakwai da kafa ta. Amma ihun ba shi ne akwatin zaɓe ba: Anne Hidalgo, tana magajiyar garin Paris, ta ƙwace wa motoci fili a birnin, aka yi mata caa, aka sake zaɓenta a 2020.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato wannan farin layi da ka ambata. Jama'a da 'yan jarida, har da wasu masu keken, sun ɗauka fenti hanyar keke ce, ko kuma a ce ai da babu gara ba daɗi. Ba haka ba ne. Fenti ba ya tare mota. Abin da yake yi shi ne ya gaya wa direba cewa muddin tayarsa ba ta taka layi ba ya fita haƙƙinka, sai ya wuce ka a guje ba tare da ya kauce ba. Masu bincike a jami'ar Monash ta Ostireliya sun auna wannan a 2019, suka tarar motoci sun fi matsowa kusa da mai keke a titin da aka ja layi fiye da wanda ba a ja ba. In kuma layin ya bi ta gefen motocin da aka faka, an jefa yaro daidai inda ƙofa ke buɗewa, ya kauce mata ya faɗa gaban wata motar. Sannan ka lura da inda layin yake ƙarewa: kusan kullum taku kaɗan kafin mahaɗa ko shataletale, wurin da aka fi kaɗe masu keke, domin nan ne gyara ke cin kuɗi kuma yake taɓa direbobi.

To me ya sa 'yan siyasa ke son fenti? Yana da araha, ana gama shi dare ɗaya, ba ya ɓata wa mai mota rai, kuma ana lissafa shi da kilomita a fosta. Ma'aikata su rubuta an samar da kilomita 100, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, wanda ya sa hannu a takardar kuwa ba zai bar ɗansa ya bi layin ba. Ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2020 ta ce faɗin layin keke ya kai mita 2, kada ya gaza mita 1.5 ko ta halin ƙaƙa, kuma inda motoci ke da yawa ko suke gudu sai an raba su da dakali ko shinge. Birnin Seville na ƙasar Sifen ya nuna yadda ake yi: kimanin kilomita 80 a haɗe da juna tsakanin 2006 da 2007, da shinge, akasari a filin da aka karɓe daga wurin ajiye motoci, masu hawa keke suka ninka sau da yawa. Holan ma ba da fenti ta fara ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunanta, yara sama da 400 a cikinsu, iyaye suka fito zanga-zanga har sai da kowace jam'iyya ta ga dole ta sa baki.

In ɗan takara ya zo, kada ka tambaye shi ko yana goyon bayan keke, babu wanda zai ce a'a. Tambaye shi wane titi, daga ina zuwa ina, da shinge ko babu, kuma motoci nawa za su rasa wurin fakawa. Wanda ya ce babu abin da kowa zai rasa, fenti yake nufi. Tambaye shi nawa zai ware a kasafin kuɗi duk shekara, har da na shara da gyara. Tambaye shi ko zai mayar da gudu kilomita 30 a awa a unguwanni da bakin makarantu, domin a wannan gudun kusan tara cikin goma na waɗanda mota ta buge suna rayuwa. Ka nemi a fara aikin a shekarar farko ta mulki, saboda wanda aka bari sai dab da zaɓe na gaba shi ake fara yadawa.

Ka kuma bincika wace hukuma ce ke da titin da yaronka ke bi. Sau da yawa alƙawarin yana fitowa daga bakin mai neman kujerar tarayya, alhali titin yana hannun magajin gari ko ƙaramar hukuma. In mai ci ne ke neman tazarce, nemi bayanan zaman majalisa ka ga yadda ya kaɗa ƙuri'a ranar da aka kawo batun cire wurin ajiye motoci.