Jarumar da ta ƙi aure

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya bayan la'asar. Ka ce malaminku na jami'a ya raba ku biyar-biyar, kowane rukuni ya tsara mujallar fim, sannan ku rubuta rahoto a kan abin da kuka koya. Kai aka ɗora wa tsarin shafuka tunda an san kana zama a shagona na ɗab'i. Tambayarka kuma ita ce, "Maigida, wane launi da wane irin harafi zan sa a bango don ya ja ido?" Shekara biyu kana share mini shago kana naɗe takarda, ashe duk abin da ya dame ka a sana'ar nan launi ne.

Sa ja, sa ruwan ɗorawa, sa duk wanda ranka ya so. Launi bai taɓa cin kuɗina ba. Harafi guda ne ya ci mini jaka 380, kuma tunda ka tono maganar sai ka zauna ka ji ta.

A 2004 ne. Lokacin kaset ɗin Kano ya cika Damagaram, babu lungun da za ka shiga a Zango ko Birni ba ka ji waƙar fim tana tashi daga wani zaure ba. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a Kaduna a 1999, direbobi ke shigo da ita, kwafi ɗaya sai ya zaga gida goma har bango ya rabu da ciki. Wani Alhaji mai sayar da kaset a wajen kasuwar Dole ya ga haka, ya zo mini da jakar hotuna da labaran da wani ɗan'uwansa ya rubuto daga Kano, ya ce shi ma zai fitar da tasa. Shafi 24, kwafi 1000, ciki baƙi da fari a takarda giram 80, bango mai kala a takarda mai sheƙi. Muka yi ciniki a baki. Kafin alƙalami ban karɓa ba, ko dala. Sahu ɗaya suke tsayawa da mahaifina a masallaci, irin mutanen da ake jin nauyin a ce musu kawo rabi tukuna.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kan aikin nan, rabinsa da dare, don da rana kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya. Ciki na buga shi nan a injina, ya fita tas. Bangon ne ya fi ƙarfina, domin kala huɗu sai an raba ta faranti huɗu, ni kuma ba ni da kayan. Babban labarin bangon a kan wata ƴar wasa ne da aka daɗe ana cewa za ta yi aure ta bar fim, ita kuma ta ce ba yanzu ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin hotonta: Jarumar da ta ƙi aure. Alhaji ya zo ya leƙa kwamfuta ta bayan kafaɗata, ya gyara hula, ya ce madalla, ya yi. Iyakar shaidata ke nan.

Na kwafe aikin a faifan CD, na hau mota ta Matamaye da Daura na sauka Kano. A wancan zamanin, kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai dai ka samo wani harafi na musamman da aka yi wa gyara aka cusa masa ƙugiyoyin. Ina da shi a kwamfutata. Ban sa shi cikin faifan ba, ban kuma mai da rubutun zane ba, abin da bai fi danna maɓalli biyu ba a CorelDraw, manhajar da nake tsara shafi da ita. Yaron da ke raba kala a can ya buɗe aikin, kwamfutarsa ta nemi harafin ta rasa, ta sauya da wanda take da shi, inda ƙ yake ta bar fili. Ni lokacin ina can ina cinikin takarda.

Da aka fara bugu ina tsaye a gindin injin Kord. Kala ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, sai an bi takardar sau huɗu, shuɗi, ja, ɗorawa, baƙi. Na ɗauki bango na duba ya fi sau ashirin. Fuskar yarinyar nake kallo, kada ja ya yi yawa ta koma kamar mai zazzaɓi, da ko kalolin sun hau kan juna daidai. Rubutun kuwa idona ya bi ta kansa ya wuce, ya karanta mini abin da na san na rubuta. Wannan ka riƙe shi, wanda ya rubuta abu shi ne makaho a kansa.

Na dawo, yarana suka naɗe suka ɗinke, muka ɗaure hamsin-hamsin, na sa a amalanke aka kai wa Alhaji. Ɗansa ɗan lakwal, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, shi ya zaro guda ya karanta da ƙarfi a gaban mutane: Jarumar da ta i aure. Ya ce, "Baba, ashe ta yi auren?" Wallahi har yau in na tuna muryar yaron nan sai na ji cikina ya juya.

Kuskure nawa ne, ban taɓa musu ba. Na ce wa Alhaji a ba ni kwana biyar in koma Kano in sake bangon da kuɗina, a cire agaraf a mai da sabo, cikin ai lafiyarsa lau. Ya ɗaga hannu ya ce a'a, na riga na zubar masa da mutunci, mutanen Kano za su ce ya yi wa ƴarsu ƙazafi, shi ya fasa mujallar gaba ɗaya. Na ce to a ba ni kayana. Ya ce ai ba za su kwana a duniya ba, shi da kansa zai sa a ƙone su a bayan gari, kada guda ta fita ta jawo masa shari'a. Kunya ta rufe ni na juyo hannu rabbana.

Bayan mako uku na je tasha raka baƙo, sai ga yaro da tire a ka, mujallata jere a kai, yana kiran, "Ta yi aure! Ta yi aure!" Dala ɗari kowace, wato sefa 500. Wani direba ya gaya mini ya ga irinta a Maraɗi, wani ya ce har Tanut ta kai. Kuskuren da aka ce ya zubar da mutunci shi ya sayar da ita, don kowa na son ya san wa ta aura. Lissafa da kanka, 500 sau 1000.

Na kai ƙara wurin dattawan unguwa. Suka saurare ni, suka saurare shi, ɗaya ya juyo ya ce, "Ina takardar da kuka yi?" Babu. "Wa ya ji cinikin?" Babu. Alhaji ya rantse cewa yaran shagonsa ne suka sace kayan kafin a ƙone. Aka ce in yi haƙuri, babba ne. Babur ɗina na sayar na biya mai takarda na Kano, na shekara ina hawan kabu-kabu zuwa shago. Mutumin yana nan da ransa, ranar Juma'a har hannu yake miƙo mini, ni kuma in karɓa don idon jama'a.

Daga ranar babu aikin da ke hawa injina sai an fitar da gwaji a takarda, mai aiki ya karanta, ya sa hannu da kwanan wata a kowane shafi. Faransawa na kiran wannan BAT, wato an yarda a buga. Ka sha ganin ina tsare manyan mutane a bakin teburin nan da bik a hannu, kana tsammanin tsufa ne ya sa ni fitina. Ku ma ku biyar ɗin nan haka za ku yi. Ka fitar da gwajin, kowa ya sa hannu, har wanda bai taɓa zuwa taronku ba. In ba haka ba ranar da malami ya zagaye kuskure da jan bik, su huɗun za su ce ai kai ne ɗan shagon ɗab'i. Kuɗin takarda da tawada kuma ka tara su a hannunka kafin ka buɗe kwamfuta, na san halin ɗalibai da "gobe zan kawo".

Kuna ganin matsalar ƙugiya ta wuce don wayoyinku suna rubuta ta. Ba ta wuce ba. Yawancin haruffan ado da kuke saukowa da su daga intanet ba don Hausa aka yi su ba. Kafin ka so harafi, rubuta masa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, manya da ƙanana, ka gani. Ƴ ɗin nan ita ta fi ɓacewa, tunda mu nan Nijar muke rubuta ta haka, a Najeriya waƙafi suke sa wa y a gaba. In ya ba ka akwati ko fili, ko ya aro ƙugiyar daga wani harafi ta fito siririya a tsakiyar masu kauri, jefar da shi komai kyansa. Sannan ka ba wanda ba ya cikin aikin ya karanta bangon da ƙarfi. Yaro ƙarami ya fi, shi ba ya jin kunyar kowa.

Maganar shafuka su zama ana raba su da huɗu, da barin milimita 3 a gefe saboda wuƙa, ba zan ɓata bakina ba. In ba ka san wannan ba har yanzu to tsintsiya ce sana'arka.

Hotuna ne na san za ku kawo mini shirme. Wanda aka turo ta WhatsApp an matse shi, a waya yana da kyau, a takarda sai ya fashe kamar an zana shi da gero. A girman da za a buga shi ina son ɗigo 300 a kowane inci. Kuma shuɗin nan mai walƙiya da kore shar da kake gani a allo haske ne, tawada ba ta iya su, za su fito a dushe. Mai da aikin CMYK, wato kalolin tawada huɗun nan, tun farko ka ga gaskiyar abin da za ka samu.

Abin da za ku zuba a ciki ba hurumina ba ne, amma zan faɗa. Na tabbata shafi ashirin ɗinku Kano ne da Indiya, hotunan da kuka kwaso a Facebook ba da izinin kowa ba. Tambayi abokanka wa ya ci babbar kyautar farko ta FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, ka ga yadda za su zaro waya. Oumarou Ganda ne, ɗan ƙasar nan, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane tun shekarun 1960 yake zana kwaɗi yana sa su motsi a majigi, ya zauna Tawa, ya rasu a 2015. Aïcha Macky haifaffiyar garin nan ce, a 2021 ta fitar da fim mai sunan Zinder a kan samarin unguwar Kara-Kara, aka kalle shi a ƙasashen duniya. Kara-Kara ɗin nan kuɗin kabu-kabu ne tsakaninku da ita. Ku je da kyamara ku ɗauko hotonku na kanku, ku nemi izinin mutum kafin ku ɗauke shi, ga labari ga hoto mai kauri da zai cika bango ba tare da ya fashe ba. Amma ƴan zamani, a ce ku taka ƙasa cikin rana, sai ku ce ai akwai shi a intanet.

Rahoton da malam ke so kuwa, kada ka cika shi da "mun ji daɗin aiki tare". Ajiye kowane gwajin da ya lalace, ka liƙa shi a ciki, ka rubuta a ƙasa abin da ya ɓata shi da nawa ya ci.

Ka zo ranar Asabar bayan azahar da aikin a PDF, haruffan a ciki, da takardarka ta gwaji, don ba zan ba ka tawa ba. Kwafi ɗaya na waccan mujallar yana cikin durowar ƙasa a ƙarƙashin rasitai, wanda na saya a tasha da dala ɗari tawa. Zan nuna maka, amma ka wanke hannu tukuna.