Kuɗi sun shiga, kaya ba su ragu ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon magani a Funtuwa. Manhajar da wani yaro ya haɗa mini tana ajiye lissafi a fayil biyu na SQLite (wata manhajar adana bayanai), na ciniki da na kaya. Na kayan ya sa shi a wani tsarin rubuta bayanai da ake kira WAL wai ya fi sauri, na cinikin yana tsarin asali. Ranar Talata aka ɗauke wuta ina cikin shigar da cinikin katan uku na farasitamol. Da na kunna, kuɗin sun shiga, kayan ba su ragu ba. Yaron ya gwada integrity_check, gwajin duba lafiyar fayil, duka biyun sun ce lafiya lau. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba ƙarya fayilolin suka yi maka ba. Kowanne lafiyarsa ƙalau, tsakaninsu ne babu jituwa, shi kuwa gwajin nan ba ya duba ko lissafin wannan ya dace da na wancan.

Tsarin asali, kafin ya taɓa shafi, wato wani yanki na fayil ɗin, yakan kwafe tsohon ya ajiye a wani fayil mai ƙarewa da -journal. In wuta ta katse shi, da ya farfaɗo sai ya mai da komai yadda yake da. Shi kuwa WAL, wanda ya zo a sigar 3.7.0 a shekarar 2010, sabon rubutun yake tarawa a fayil mai ƙarewa da -wal, sai ya kai kimanin shafi 1000 ya juye shi cikin babban fayil. In ya farfaɗo, abin da aka riga aka rufe, wato aikin da aka kammala rubutawa, kawai yake karɓa.

Da a ce duka biyun suna tsarin asali, kuma yaron ya haɗa su da umarnin ATTACH a aiki guda, SQLite zai buɗe wani ƙaramin fayil na uku da ke ɗaure su: ko su shiga tare, ko su fasa tare. WAL ba ya shiga wannan ɗaurin. Na cinikin ya gama rufewa, wuta ta tafi kafin na kayan ya rufe nasa.

Ni dai in ka bi ta tawa, ya zuba komai a fayil ɗaya, sannan ya zaɓi tsarin da ya ga dama. Shago guda, ban ga abin da zai sa a raba masa littafi biyu ba. In ya dage sai biyu, to ya mai da na kayan tsarin asali.

Katan ukun nan da hannu za a cire su, manhaja ba za ta tuna da su ba. Kuma don Allah, in ka ga -wal ko -journal a gefen fayil bayan an ɗauke wuta, kada ka goge shi da sunan shara. Na taɓa zama da wani mai kanti da ya yi haka, cinikin wuni guda ya bi ruwa. In za ka kwafa a filas ma, rufe manhajar tukuna, ko yaron ya yi amfani da umarnin VACUUM INTO, mai fitar da cikakken kwafin fayil.