Idan aboki ya faɗi a wajen biki bayan ya sha tramol

Ɗan'uwa, ka ce za ku kalankuwa a Argungu, wasu abokanka suna shan tramol da kodin, kana tsoron wani ya zarce. Tsoronka yana kan hanya, domin waɗannan ƙwayoyi numfashi suke dannewa, musamman in an haɗa da giya ko diyazafam, wato ƙwayar sa barci.

Ka kula da wanda ya lafe a gefe. In ka jijjiga shi bai farka ba, numfashinsa na ja da ƙyar ko yana wani irin minshari, ƙwayar idonsa ta tsuke, leɓɓansa sun dushe, to ba barci ba ne. Ku kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, wani ya zauna kusa da shi, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a nemi mota zuwa asibiti nan take.

Wani kuskure da ake yi shi ne ɗura masa madara ko manja. Wanda ya suma ba a ba shi komai ta baki. Tramol kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, in ta kama shi kada a cusa masa cokali a baki.

Maganin nalokson, wanda ke karya ƙarfin ƙwayoyi irin su tramol da kodin, yana farfaɗo da numfashi, amma ƙarfinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, don haka ko ya farka sai likita ya duba shi. Ku faɗa wa likitan ainihin abin da ya sha, kunya ba ta da amfani a nan.