Amsa ga 'yar'uwar da albashin gidansu ba ya kai ƙarshen wata

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki, inda kika ce maigidanki ma'aikaci ne, kuna da yara huɗu, kuma albashinsa yakan ƙare tun wata bai kai kwana ashirin ba, sauran kwanakin kuma a kan bashin mai shago kuke lallaɓawa. Kika ce kina neman dabarar da za ta sa abin da ke shigowa ya riƙa kai ku gaɓa. Ni malamar firamare ce a Kano, shekarata goma sha tara a ɗakin miji, yara shida Allah Ya ba mu, kuma halin da kika bayyana mun zauna a cikinsa shekaru ba kaɗan ba, don haka abin da zan faɗa miki daga cikin tukunyata na ɗebo shi.

Da farko ki sauke wa kanki nauyin zargi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000, kuma duk abin da mota ke ɗaukowa ya bi ta a baya. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ba sakacinki ne ya jawo wannan ba, kuma babu wata dabarar girki da za ta mayar da farashin jiya. Sai dai a cikin kuɗin da ke shigowa akwai wani kaso da ke tsiyayewa ba tare da an ci ko an sha ba, wannan kuma shi ne abin da ke hannunki.

Ni ban gane inda namu ke tsiyayewa ba sai da na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai falle arba'in, na rataye shi da zare a jikin ƙusar da ke bayan ƙofar kicin, na ɗaura masa biro. Wata guda cur na yi ina rubuta duk abin da ya fita, har naira hamsin ɗin da ake ba yaro ya sayo ashana. Ranar da wata ya cika na zauna bayan sallar isha'i na tattara lissafin, kuma abin da na gani ya ba ni kunya, domin ni a zatona shinkafa da nama ne ke cinye mu. Ashe aike ne. A wannan watan an aiki yara shago fiye da sau ɗari, ƙullin man gyaɗa, ƙullin sukari, ƙullin omo, magi na naira ɗari, madara 'yar leda, kuma kusan kowane aike da ɗan canjin da ba ya dawowa. Da na auna ƙulle-ƙullen man da muka saya a cikin kwalba, sai na tarar kuɗin da muka biya ya isa ya sayi kusan kwalba ɗaya da rabi a duk inda muka sami kwalba ɗaya. Ba na ganin laifin mai shago, shi ma leda ya saya, ya zauna ya ƙulla, kuma yana jiran masu bashi. Amma wanda ke sayen ƙulli kullum shi ne ke biyan kuɗi mafi tsada a garin, kuma abin takaicin shi ne mafi ƙarancin hali.

Don haka kafin ki canza komai, ki yi wannan rubutun na wata ɗaya. Sannan ki nemi lokacin da maigida ya ci abinci ya huta, ki nuna masa littafin cikin ladabi, ba da sigar ƙorafi ba. Na san wannan ne wuri mai wuya, domin maza da yawa ba sa son matansu su san adadin albashinsu, wasu don gudun raini, wasu don gudun buƙatun dangi. Baban yaranmu ma haka yake a da, kullum da safe zai ajiye kuɗin cefane ya fita, idan bai isa ba ya ga kamar ni ce ban iya riƙo ba, ni kuma in ga kamar ƙwauro yake yi. Ban tambaye shi nawa yake ɗauka ba. Abin da na roƙa shi ne ya haɗa mini kuɗin cefanen wata guda ya ba ni a dunƙule ranar da aka yi albashi, mu gwada wata uku, idan bai ga bambanci ba mu koma yadda muke. A wata na biyu shi da kansa ya buɗe mini sauran lissafin, da kuɗin haya da abin da yake tura wa Hajiya mahaifiyarsa, domin ya ga cewa rufin asirinsa nake nema.

Da kuɗin wata a hannu sai sayayya ta sauya. Kayan da ba sa lalacewa, wato mai da sukari da sabulu da gishiri da magi da taliya, a kasuwar Singa muke sayo su sau ɗaya a wata, kuma tun da katon ɗin sabulu ko jarkar mai sun fi ƙarfin gida ɗaya, mu huɗu muka haɗu, ni da maƙwabtana biyu da wata abokiyar aikina, mutum ɗaya ya je ya sayo, kuɗin mota ɗaya, a zo a raba da kwalba da kwano a tsakar gidana. Haka muke yi wa nama, mu shiga watanda a yanka a raba kashi-kashi, na soya nawa na adana, maimakon sayen tsoka uku kullum a wurin mahauci.

Amma inda babbar ribar take shi ne hatsi, kuma a nan nake so ki tsaya ki natsu. Farashin masara da gero da dawa da wake yana bin shekarar noma ne: yakan sauka da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba lokacin da sabon amfani ya cika kasuwa, sannan ya riƙa hawa a hankali har ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. Gidan da ke awo da kwano duk mako yana biyan kowane hawa na wannan tsani. Gidan da ya sayi buhunsa da kaka ya biya farashin matakin farko ne kawai. Mu abin da muke yi shi ne adashi na wata goma, kuma tun ranar da za a fara zubi nake roƙon uwar adashi ta sa ɗaukata ta faɗo a watan Nuwamba. Kuɗin ba ya kwana biyu a gidana. Maigida yakan tafi kasuwar hatsi ta Dawanau, ko kuma ya ba wani amintaccen ɗan'uwansa ya auno mana a kasuwar ƙauye, a kawo masara da gero da wake gwargwadon abin da muka lissafa za mu ci zuwa wata kakar. Ina jaddada kalmar ci, domin saye don ajiya a jira tsada a sayar wata sana'a ce daban mai haɗarinta, kuma waɗanda suka tara hatsi da tsada a ƙarshen 2024 sun ga yadda farashi ya sauko a 2025. Wanda ya saya don tukunyarsa, ko farashi ya faɗi, abincinsa na nan.

Ajiyar ita ma sai an koya, kuma ni da asara na koye ta. Shekarar farko mun sayi masara buhu biyu wadda ba ta gama bushewa ba, muka jingine ta a kan siminti a lungun ɗaki, muna murna mun yi dabara. Bayan wata uku na kwance bakin buhu, sai wani wari ya buge ni, ƙasan buhun ya yi fumfuna ya dunƙule, sama kuma ƙwari sun mayar da shi gari. Kusan rabi muka zubar, domin masarar da ta yi fumfuna guba ce, ko kaji ba a so a ba su. Tun daga nan duk hatsin da ya shigo sai na shanya shi kwana biyu ko uku a rana, in ɗauki ƙwaya in ciza, idan ta fashe da ƙara ta bushe, sannan a ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Wake kuma, wanda ya fi komai saurin yin ƙwari, a cikin jarkar man girki da aka wanke ta bushe ƙarau nake ɗura shi, in cika ta har wuya, in sa leda a baki in murɗa murfin da ƙarfi. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki mutuwa suke yi da kansu. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, aikinsu ɗaya. Don Allah kada ki yarda da shawarar zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a cikin abin da yaranki za su ci.

Kayan miya ma suna da kakarsu. Lokacin sanyi zuwa farkon bazara, idan tumatir da tattasai da attaruhu na noman rani suka cika kasuwar 'Yankaba, nakan sayi kwando in yanka in shanya a kan tabarma mai tsabta, in adana kauɗata, ta yadda idan damina ta zo tumatir ya zama sai mai hali, miyata ba ta canzawa. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa kuwa ba sa yankewa a gidana.

A ɓangaren girki, abin da ya fi rage mana kashe kuɗi shi ne karin kumallo. Burodi da shayi da madara ga mutum takwas kowace safiya ya fi tuwon dare tsada, kuma kafin ƙarfe goma yara sun fara jin yunwa. Muka koma koko da ƙosai, da kunun gyaɗa, da ɗumamen tuwo, da ɗanwake, burodi ya zama na ranar Juma'a. Yaran sun yi ƙunƙuni na mako biyu, daga baya suka saba. Niƙa sau ɗaya nake kaiwa a mako biyu, wake kuma nakan jiƙa shi tun dare don ya yi saurin nuna, abin da ke daɗewa a wuta in ɗora shi a gawayi, gas ya tsaya ga dafa ruwa da ɗumame da girkin gaggawa. Sannan na koyi auna abinci da gwangwani ɗaya tsayayye, domin yawancinmu da ido muke zubawa, a wayi gari ana kankare ragowa ana zubarwa.

Waya ma rami ce. Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, na daina sayen data ta kwana ɗaya, kuma cirar kuɗi a wurin mai POS sau biyu nake yi a wata, domin cajin dubu biyu-biyu sau goma ya fi cajin dubu ashirin a lokaci guda.

Sai kuma manyan buƙatun da ke zuwa da ranarsu amma mu riƙa yi kamar sun zo ba zato: kuɗin makaranta sau uku a shekara, haya, azumi, ɗinkin Sallah. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu mun haɗa jimillarsu mun raba gida goma sha biyu, ana cire kason kowane wata ranar albashi tun kafin a taɓa komai. Yadin yara nakan saye shi a Kantin Kwari tun watan Rajab in kai wa tela kafin ya cika da aiki ya ƙara kuɗi. Kuma akwai 'yar ajiyar da ba a taɓawa sai don rashin lafiya, domin zazzaɓin cizon sauro guda ɗaya a damina ya isa ya rushe lissafin wata, shi ya sa gidan sauron da ya yage nake ɗinke shi a ranar.

Zan faɗi wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Anko da gudummawar biki sun fi tsadar shinkafa cutar da mu mata. Zumunci wajibi ne, kuma ba na cewa ki janye daga dangi, amma ni na yanke wa kaina cewa anko sai na ɗan'uwa na jini, sauran bukukuwa in sa mafi kyawun abin da nake da shi, in je da wuri in kama aiki, in ba da abin da na ware na wannan watan ko da kaɗan ne. An yi ta magana a bayana shekara ɗaya ko biyu, har wata ta ce mini a fuska wai malamai sun cika maƙo. Yanzu wasu daga cikinsu ke zuwa aron kwanon masara a watan Agusta, kuma ina ba su da zuciya ɗaya.

Game da bashin mai shagon da kika ambata, bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shi ne ke cinye albashi tun bai shigo ba, don haka daga nan za ku fara. Maigida ya je ya same shi su tsayar da adadin, a daina ƙarawa, a riƙa biyansa kashi-kashi cikin wata uku ko huɗu. Kada ku kuskura ku ci bashin manhajojin waya don ku biya shi, ruwan da suke ɗorawa ya fi ƙarfin mai albashi, ga haramcin riba, ga tozarcin kiran mutanen da ke cikin wayar mutum idan ya makara. Adashi ma ki shiga wanda kika san kowa a ciki da gidansa, domin na taɓa zubi wata shida a hannun wata mata da ta tashi daga unguwar cikin dare. Watannin farko za su yi tsauri saboda kuna biyan tsoho kuna hana sabo, mu sai da muka yi wata biyar kafin albashi ya fara riskar ɗan'uwansa. Idan kin kammala rubutun watanki na farko, ki dawo ki faɗa mana abubuwa uku da suka fi cin kuɗi a ciki, sai mu duba su tare. Allah Ya rufa asiri, Ya sa albarka a cikin abin da ake samu.