Samfuri ɗaya don shafi, manhaja da tes

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kuna da shafin intanet da manhajar Android, kuna kuma tura sanarwa ta tes da WhatsApp, kuma kowace sanarwa sai an sake rubuta ta sau huɗu. Kana neman samfuri ɗaya da zai wadatar.

Ka fara duba yadda kuke ajiye rubutun kafin ka taɓa zane. Galibi akwati ɗaya ake buɗewa a zuba komai a ciki, kanu da hoto da launi da tebur, duk a cakuɗe da HTML, wato alamomin da ake tsara shafin intanet da su. Wannan curin yana kyau a allon kwamfuta, amma manhaja ba za ta iya zaro kwanan wata daga cikinsa ba, tes kuwa ba ya ɗaukarsa sam. Sai an yanka shi gurbi-gurbi, kowace kafa ta ɗebi abin da take bukata. Tsarin da gidan rediyon NPR na Amurka ya bayyana ke nan a 2009: a rubuta sau ɗaya, a wallafa ko'ina.

Ɗauki sanarwar taro. Tana bukatar cikakken kanu, da gajere da bai wuce haruffa 40 ba don sanarwar da ke faɗowa a waya, da taƙaitawa mai haruffa kamar 150, sai wuri, hoto da bayaninsa, sannan jikin rubutu. Lokaci a ajiye shi a tsarin ISO 8601, wato ƙa'idar duniya ta rubuta shekara, wata, rana da sa'a da lambobi, kada a rubuta "gobe da la'asar", domin jibi ya zama ƙarya. Gajeren kanun mutum ne zai rubuta shi da hannunsa. In ka bar wa na'ura ta datse, za ta fitar da "An ɗage taron ranar Asabar zuwa…", ta haɗiye ainihin abin da mutane ke jira.

Inda mu masu Hausa muka fi tuntuɓe shi ne tes. Saƙo ɗaya haruffa 160 ne, amma fa in duk haruffan suna cikin jerin GSM-7, wato jerin haruffan da tes ke ɗauka na asali. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa ciki. Ɗaya tak ya shiga, iyakar ta faɗo zuwa 70, in saƙon ya rabu kuma kowane ɓangare 67. Ke nan sanarwa mai haruffa 150 ta koma tes uku, kuɗinku ya ninka uku. Ko lanƙwasasshiyar alamar nan (’) ta tsakiyar kalma irin "sa'a" da ake kwafowa daga Word haka take yi. Don haka tes ya samu gurbinsa daban mai ƙirga haruffa. Maye ƙ da k ta atomatik yana aiki, sai dai a sa ido, don "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne.

A shafi da manhaja kuwa ku bar haruffan yadda suke, ku zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da su, irin su Noto Sans, in ba haka ba murabba'ai za su fito a tsakiyar kalma. In rumbun ajiyar bayananku MySQL ne, a sa shi a utf8mb4, tsarin da ke ɗaukar duk waɗannan haruffa.

Hoto ɗaya babba za a ɗora, tsarin ya yanko ƙanana: faɗin fiksal (ɗigon allo) 480, 960 da 1600, da kuma 1200 a 630 don abin da ke bayyana idan an tura adireshin a Facebook ko WhatsApp. Gwajin farko a yi shi a allo mai faɗin fiksal 360.

In da WordPress kuka gina shafin, ba sai kun bar shi ba. Tun sigar 4.7 ta 2016 yake miƙa rubutu ta REST API, hanyar da manhaja ke ɗebo bayanai daga shafi, ACF kuma, wani ƙari da ake ɗora wa WordPress, zai ba ka gurabe. Strapi, wani tsarin ajiye rubutu daban, shi ma ya yi in daga tushe za a fara.

Da zarar manhaja ta shiga hannun jama'a, kada a sauya sunan gurbi ko a goge shi. Mutane da yawa ba sa sabunta manhaja saboda data, tsohuwar za ta nemi gurbin ta rasa, allo ya fito fari fat. In ana son canji, a ƙara sabon gurbi, tsohon ya zauna sai an ga masu tsohuwar sigar sun ƙare.