Anti, Kullum Sai a Ce "Sitaf" Ne, Amma Ciwon Ya Ƙi Tafiya

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ne a Zariya, magidanci. Na jima ina fama da ciwon mara da wani nauyi tsakanin maraina da dubura, kamar na zauna a kan dutse. Fitsari da zafi, da dare in yi ta tashi, in kuma na kusanci iyali ciwon ya ƙaru. A wani ɗakin gwaji aka ce ƙwayar cutar da ake kira sitaf ce. Na sha sifro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na yi allurai a kemis, na sha na gargajiya, shiru. Yanzu ga zawo ga kumburin ciki. Abokai sun ce a wajen matata nake ɗauka, har na ƙaurace mata, tana ta kuka. Ina mafita?

Magidanci daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Kafin komai, je ka ba matarka haƙuri. Abokanka ba likitoci ba ne.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da daɗaɗɗen ciwon furostet, 'yar halittar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Tun 1995 cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta kasa ciwon gida huɗu, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na masu shi suna gida na uku ne, inda ba a samun wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifi. Inda ake samu ma, galibi E. coli ce daga hanjin mutumin kansa. Sitaf kuwa a fata da hanci take zaune, ko a jikin mai ƙoshin lafiya, ba wuya ta faɗa kwalbar gwaji.

Hanjinka cike yake da bakteriya masu amfani, suna taya narkar da abinci, suna kwantar da kumburi. A 2016 masu bincike a asibitin Cleveland Clinic sun ga masu irin ciwonka ba su da ire-iren bakteriyar hanji da yawa kamar masu lafiya, musamman wadda ake kira Prevotella. Alaƙa suka gani, ba su ce ita ce sanadi ba. Amma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance mugu da nagari, ina kuma kyautata zaton zawon nan daga can ya samo asali. Sifro har agara tana iya lahantawa. Bar zuwa kemis haka nan.

Nemi likitan mafitsara a babban asibiti. Zai auna fitsarinka kafin ya matsa furostet ɗin da bayan ya matsa. A duba ciwon sanyi na saduwa, a duba tsargiya in ka yi wankan kududdufi da yarinta. In an samu bakteriya, magani ɗaya ne na mako 4 zuwa 6, ka shanye shi. In babu, sai a koma kan tsokar ƙasan mara da ta ɗaure: gashi a wajen masu fisiyo, zama cikin ruwan ɗumi, wani lokaci da maganin sauƙaƙa fitar fitsari mai suna tamsulosin.

Sana'arka ma da hannunta a ciki. Wuni guda kan benci kana taka keke! Sa matashi mai laushi, ka riƙa miƙewa kana zagayawa. Rage yaji da kofi, ka ƙara wake, zogale da kindirmo.

In zazzaɓi ya rufe ka, ko fitsari ya tsaya cak, ko ka ga jini, kada ka kwana ba ka je asibiti ba.

Anti