Allurar garkuwar jiki na warkar da sankarar kare?

Ɗan'uwa, ka ce karen farautarka ya yi kumburi baƙi a dasashi, kana tambayar ko allurar da ka ji labarinta za ta warkar da shi.

Allurar akwai ta, sunanta Oncept. Amurka ta ba ta izinin wucin gadi a 2007, cikakke a 2010, don sankarar melanoma ta bakin kare. Ana sa mata ƙwayar halittar wani sinadari na ɗan Adam. Jikin kare ya gan shi baƙo ya tashi yaƙi, sai yaƙin ya faɗa wa ƙwayoyin sankarar, don suna ɗauke da irinsa. Amma bayan an yanke kumburin ake yin ta, kuma likitoci har yanzu na jayayya kan yawan kwanan da take ƙarawa. Tsadarta kuwa, ba ta aljihun mafarauci ba ce.

Ni dai shawarata, kai shi wurin likitan dabbobi nan Maradi tun yana iya tauna abinci. Ba kowane kumburi ne sankara ba. In numfashinsa ya fara wari, ko yawunsa na zuba da jini, kada ka jira kasuwa ta zagayo.